Maganin ƙwari ma yana da wa'adi: darasi kan rajista ga makiyayan Bosso da bakin Komadugu

Darasinmu na wannan karo a kan wata ƴar lamba ce da ake bugawa a jikin kwalbar maganin ƙwari, wadda yawancinmu ba ma dubawa. Lambar tana nuna ko hukuma ta yarda a sayar da maganin, tana kuma nuna lokacin da yardar za ta ƙare. A aikina na lafiyar dabbobi tsakanin Diffa, Geskeru, Tumur da Bosso, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Maganin nan tun zamanin iyayenmu ake aiki da shi, don me yau za a ce an hana?" Amsar ita ce izinin sayar da magani aro ne, kuma aro yana da ranar mayarwa. Idan ranar ta zo, ko dai a sake bincike a sabunta izinin, ko maganin ya fita daga kasuwa.

Me ya haɗa makiyayi da maganin gona?

Wani zai ce wannan zancen manoma ne. A bakin Komadugu kuwa gona da garke makwabta ne na ƙut da ƙut. Maganin gona yana isa ga dabbarka ta hanya uku.

Ta farko ita ce abinci. Tattasai, wanda da shi aka san kwarin nan, amfani ne da ake yi wa feshi sau da yawa kafin a gama tsinka. Ana fesa wa shinkafa maganin ciyawa, ana fesa wa wake maganin ƙwari. Idan aka kwashe amfani, shanu da tumaki ke shiga su ci saura, harawa da bambaro kuma mu muke saye.

Ta biyu ita ce ruwa. Mai feshi ya gama aiki ya wanke famfonsa a bakin kogi ko a tabki, da yamma garke ya zo ya sha a wurin. Galan ɗin da maganin ya ƙare a ciki ya koma na ɗebo ruwa, wani lokaci ma na zuba nono.

Ta uku ita ce jikin dabbar. A ƙasar tafki, inda shanun Kuri ke wuni cikin ruwa da laima, kaska da ƙudaje ba sa ƙarewa. Maganin dabbobi ya yi tsada ko ya yi nisa, sai a sayi na gona a dama a shafa wa saniya.

Wa ke ba da izini a Nijar?

Nijar ba ita kaɗai ke yi wa maganin ƙwari rajista ba. Bayan babban farin da ya kashe dabbobi a Sahel, an kafa ƙungiyar CILSS a 1973 domin yaƙi da fari. A 1992 ƙasashenta tara, wato Nijar, Chadi, Mali, Burkina Faso, Senegal, Muritaniya, Gambiya, Gini Bisau da Kef Bad, suka amince da doka guda kan rajistar magungunan ƙwari, aka gyara ta a 1999. Kwamitin da ke aikin shi ne CSP, kwamitin Sahel na magungunan ƙwari. Ya fara aiki a 1994, ofishinsa yana Bamako, kuma ya saba zama sau biyu a shekara, ya fitar da jerin magungunan da ya amince da su.

A cikin gida, dokar kare tsirrai mai lamba 2015-35 ta ranar 26 ga Mayu 2015 ce ke aiki, kuma hukumar kare tsirrai ta DGPV ce ke sa ido kan shigo da magani da sayar da shi. Tana da wakilai a ma'aikatar gidan gona ta jihar Diffa.

Najeriya ba ta cikin wannan tsari. A can hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yin rajista. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin kogi ne kawai ya raba Bosso da Malam Fatori, kuma kaya da yawa a kasuwanninmu daga ƙetare suke zuwa. Lambar NAFDAC tana nufin an yarda da maganin a Najeriya. Ba ta maye gurbin lambar CSP a wannan gefen.

Shekara uku da shekara biyar

CSP yana ba da izini iri biyu.

Na farko izinin sayarwa na wucin gadi ne, a taƙaice APV. Ana ba da shi idan kamfani ya kawo mafi yawan bayanan da ake nema amma da saura. Wa'adinsa shekara 3, kuma sau ɗaya tak ake sabunta shi. Ke nan magani ba zai wuce shekara 6 a wannan matsayi ba. Cikin waɗannan shekaru dole kamfanin ya cike abin da ya rage na shaidar cewa maganin yana aiki a yanayinmu, kuma illarsa ga mutum, dabba, ƙasa da ruwa ba ta wuce iyaka ba.

Na biyu cikakkiyar rajista ce, a taƙaice HOM. Wa'adinta shekara 5, ana iya sabunta ta duk bayan shekara 5. Kwamitin kuma yana da ikon janye izini kafin wa'adi ya cika idan sabon bayani ya nuna haɗari.

Rajistar NAFDAC ita ma shekara 5 ce. A Tarayyar Turai izinin farko na sinadari ba ya wuce shekara 10, a Amurka kuma doka ta ce a sake duba kowane maganin ƙwari aƙalla sau ɗaya a shekara 15. Tsawon ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma duk waɗannan hukumomi sun haɗu a kan cewa a riƙa komawa ana dubawa.

Don me ake sa wa'adi?

Dalili na farko, illar wasu magunguna ba ta bayyana sai an yi shekaru ana aiki da su. Dalili na biyu, ƙwari suna sabawa da magani, abin da ke kashe su bara ya daina kashe su baɗi. Dalili na uku, wa'adi yana tilasta wa kamfani ya dawo da kansa gaban kwamiti da sabuwar shaida. Ba don haka ba, sai hukuma ta yi ta bin kowace kwalba tana neman hujjar hanawa.

Misalin endosulfan ya ishe mu. A ƙarshen shekarun 1990 aka dawo da shi gonakin auduga na Afirka ta Yamma, saboda tsutsar auduga ta saba da magungunan da ake da su. A daminar 1999 zuwa 2000 mutane da dama suka mutu a yankin Borgu na ƙasar Benin, wasu ta hanyar abincin da maganin ya taɓa. An kuma tabbatar yana daɗewa a ƙasa da ruwa, yana kashe kifi, yana taruwa a kitse. CSP ya hana shi a ƙarshen 2007, aka ba da lokaci zuwa ƙarshen 2008 a daina aiki da shi. A 2011 yarjejeniyar Istokholm ta sa shi cikin sinadaran da za a kawar daga duniya. Wanda ya sayi endosulfan a 2005 bai karya doka ba. Wanda ya sayar da shi a 2010 ya karya, alhali kwalbar ba ta canza kama ba.

Misali na biyu shi ne parakwat, maganin da ke ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba shi da makari, kurɓi kaɗan yana lalata huhun mutum ko na dabba. CSP ya hana shi a 2011. A Najeriya sai a farkon 2024 hanin NAFDAC ya fara aiki. Ku duba: sama da shekara 12 kwalba guda tana halal a wancan gefen kogi, tana haram a wannan gefen. A 2015 kuma CSP ya hana wasu, cikinsu har da atrazin, karbofuran da fipronil.

Akwai darasi daga nesa da ya shafi aljihun makiyayi kai tsaye. A 1994 aka yi fari a Ostireliya, masu shanu suka ciyar da dabbobinsu da ragowar auduga da aka fesa wa wani maganin ƙwari mai suna kulorfuluwazuron. Shanun ba su faɗi sun mutu ba. Maganin ya zauna a kitsensu, masu sayen nama a ƙasashen waje suka gano shi, kasuwa ta tsaya, aka killace garkuna masu yawa. Mu ma da muke kai shanu kasuwar Ngelkolo, wasunsu su wuce har kudancin Najeriya, sunan namanmu da nononmu jari ne.

Sai ku lura da wani abu game da kasuwa. Idan magani ya rasa rajista, wanda ke da shi a sito ba ya son asara. Yakan karya farashi, kayan su gangaro ƙananan kasuwanni inda mai bincike ba ya yawan zuwa. Tun 2015 da rashin tsaro ya tarwatsa garuruwan bakin kogi ya rufe wasu kasuwanni, sa ido ya ƙara wuya a yankinmu. Don haka idan ka ga magani ya yi arha fiye da kima, ka tsaya ka duba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Rajista don wane aiki?

Ba a yi wa magani rajista haka kawai. Ana yi masa ne domin wani amfani, a kan wasu ƙwari, da wani awo. Maganin da aka amince da shi don tsutsar auduga ba a amince da shi don tattasai ba, balle don bayan saniya.

Maganin kaska, ƙwarƙwata da ƙazuwa da ake sa wa dabba maganin dabbobi ne, kuma hanyar izininsa daban ce. Tun 2006 ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, suke da tsari guda na ba magungunan dabbobi izinin shiga kasuwa, shi ma na shekara 5 ne da ake sabuntawa.

Wani lokaci za ka ga sunan sinadari ɗaya a kwalbar gona da ta dabbobi, misali sifametirin ko deltametirin, ka ce ai abu guda ne. Ƙarfinsu ya bambanta, kuma ruwan da aka narkar da na gona a ciki an yi shi ne don ganye, yana iya ƙona fata ko ya ratsa ta ya shiga jini. Sannan babu wanda ya auna kwana nawa na gona zai yi a cikin nono, domin ba a yi shi don mai nono ba. Ko a cikin na dabbobi ma akwai bambanci. Amitaraz yana aiki sosai a kan kaskar shanu, amma yana iya kashe doki da jaki.

Haka zancen piya-piya yake, wanda sinadarinsa dikulorbos ne. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe saboda yawan mutanen da yake kashewa. Kada ya kusanci jikin dabba, ko buhun abincinta, ko kifin banda.

Yadda ake karanta lambar

Lambar CSP tana da fasali guda. Ga misali da na tsara don koyo kawai:

0000-A0/In/05-21/APV-SAHEL

Lambobi huɗu na farko lambar maganin ce. A0 na nufin izinin wucin gadi na farko, A1 wanda aka sabunta. Idan ka ga H0 ko H1, cikakkiyar rajista ce. In na nufin maganin ƙwari, He maganin ciyawa, Fo maganin ruɓa da fumfuna. 05-21 shi ne wata da shekarar da aka ba da izinin, wato Mayu 2021. Ƙarshen yana gaya maka irin izinin: APV-SAHEL ko HOM-SAHEL.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan APV ne, ƙara shekara 3. Idan HOM ne, ƙara shekara 5. A misalinmu izinin ya ƙare a ƙarshen Mayu 2024.

Kula da abu biyu. Mai yiwuwa an buga takardar kwalbar kafin a sabunta izinin, don haka tsohuwar lamba ba ta isa hujjar cewa an hana maganin ba. Kuma ɗan jabu yana iya kwafar lamba. Abin da ke raba gardama shi ne jerin CSP na baya-bayan nan. Ana samunsa wajen malamin kare tsirrai, ko a majalisar manoma ta jihar Diffa, wato CRA, kuma ƙungiyar RECA a Yamai tana sa shi a shafinta na intanet. Wanda bai iya karatun boko ba ya ɗauki hoton kwalbar gaba da baya da waya, ya tura wa sakataren ƙungiya ko malamin dabbobi.

Akwai kuma zanen launi a gindin takardar. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Koren ma guba ne, sai dai ƙarfinsa bai kai na sauran ba.

Wa'adi uku da ake rikitawa

A wani taron ƙungiya kusa da Tumur, wani dattijo ya nuna mini kwalba ya ce, "Malam, ai ranarta ba ta wuce ba." Gaskiyarsa, ranar lalacewa da saura wata takwas. Amma sinadarin da ke ciki yana cikin waɗanda aka hana tun 2015. Daga nan nake rarraba wa mutane wa'adin gida uku.

Na ɗaya, wa'adin rajista. Wannan tsakanin hukuma da kamfani ne, shekara 3 ko 5, kamar yadda muka gani.

Na biyu, wa'adin kwalbar. Yawancin magungunan ƙwari shekara 2 suke yi daga ranar da aka yi su, idan an adana su a inuwa. A zafin bazararmu da ke wuce digiri 40, kwalbar da ta wuni a rana kan tabarmar mai talla ba za ta kai haka ba. Wani magani idan ya lalace ƙarfinsa yake raguwa, kaska ta sha ta rayu ta haifi masu taurin kai. Wani kuwa gubarsa ƙaruwa take yi.

Na uku, wa'adin jira. A gona shi ne kwanakin da za a bari tsakanin feshi da girbi ko shigar dabba. A jikin dabba shi ne kwanakin da za a bari kafin a sha nono ko a yanka. Kowane magani da nasa, yana rubuce a takardarsa. Maganin da ba shi da rajista, ko wanda aka juye a kwalbar lemo ba takarda, babu wanda zai iya gaya maka wa'adin jiransa. Nonon kuwa yara ne ke fara sha.

Idan dabba ta sha guba

Alamun da aka fi gani su ne dalalar miyau, hawaye, zawo, karkarwar jiki, tangaɗi, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi, sau da yawa a dabbobi da dama lokaci guda. Wasu magungunan suna sa dabba ta faɗi tana shure-shure.

Ka janye garken daga wurin nan take. Idan a jiki aka shafa, a wanke dabbar da ruwa mai yawa da sabulu, mai wankin ya sa safar roba ko ya ɗaure leda a hannu. A kai ta inuwa. Kada a ɗura mata mai ko nono, domin mai yana taimaka wa wasu gubobin shiga jini, kuma dabbar da ke numfashi da ƙyar ɗurin yana iya wucewa huhunta. A kira likitan dabbobi ko mataimakin kiwo na kusa, a riƙe masa kwalbar. Akwai allurar atirofin da ke karya wasu gubobin, amma ba duka ba, sai ya ga sunan sinadarin zai san abin yi.

Na san al'adarmu ce idan dabba ta jigata a yi saurin sa mata wuƙa don kada ta mutu mushe. Wadda guba ta kayar, yanka ba ya fitar da gubar daga namanta. Kada a ci, kada a kai kasuwa, a haƙa rami mai zurfi nesa da ruwa a binne. Waɗanda suka tsira kuma a zubar da nononsu har sai likita ya ce ya isa.

Abin da ƙungiya za ta yi

Mutum ɗaya ba zai iya bin diddigin jerin da ke canzawa sau biyu a shekara ba, amma ƙungiya za ta iya. Ga abin da nake ba da shawara:

1. A naɗa mutum ɗaya mai karatu, namiji ko mace, ya riƙa karɓo sabon jeri kafin damina da kuma kafin noman rani.
2. A buɗe littafi. Duk maganin da ƙungiya ta saya a rubuta sunansa, sinadarinsa, lambar rajista, ranar ƙarewar rajistar, ranar lalacewa da wa'adin jira.
3. A haɗa kuɗi a sayi maganin kaska wajen likitan dabbobi mai izini. Babbar kwalba ta gaskiya da aka raba wa mutum goma ta fi ƙananan kwalabe goma marasa asali.
4. A zauna da ƙungiyoyin manoman tattasai da shinkafa a gaban mai gari kafin sakin gonaki. Manomi ya faɗi abin da ya fesa da ranar feshin ƙarshe, ya kafa tsumma ja a gonar da aka fesa. A ware wurin wanke famfo nesa da mashaya.
5. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin famfon feshi, a huda ta don kada wani ya sake aiki da ita.
6. Maganin da aka hana ko ya lalace, kada a zuba shi a kogi, kada a ƙone shi. A kulle shi inda yaro da akuya ba sa kaiwa, a sanar da malamin kare tsirrai.

Kafin taronku na gaba, kowane memba ya zo da kwalba ɗaya daga gidansa, a rufe ram cikin leda, a ajiye su a waje cikin inuwa. Ku duba tare: nawa ke da lambar CSP, nawa ke da ta NAFDAC kawai, nawa ba su da ko ɗaya? A cikin masu lamba, nawa ne wa'adinsu ya wuce? Nawa ne na gona amma ana sa wa dabba? Ku rubuta abin da kuka samu ku ba malamin dabbobin yankinku, da shi za mu tsara darasi na gaba kan wankan kaska.

Allah ya raya mana dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.